Ƙusar da Malam Ghali Ya Ɓoye

Kafin masu aikin Abuja su gama kokawar shiga motocin safe, Malam Ghali ya riga ya buɗe teburinsa a wata rumfa a unguwar Wambai, ya ɗora ƙarfen narka dalma, ya goge tabarau da bakin riga. Duk amfilifayar ƙara sauti da aka kawo masa gyara, ta masallaci ce ko ta masu kiɗan biki, daga ɓangaren wuta yake farawa. Sai ya jona ƙwan fitila ya tsotse wutar da ta maƙale a ciki, sannan ya sa hannu. Kuma in fiyus ya ƙone, ba ya sa sabo sai ya gano dalili.

"Fiyus maigadi ne," in ji shi. "In ka tsinci gawar maigadi, nemi ɓarawo."

Haka ya yi ta yi har furfura ta rufe shi. Amma mu mutanen garin nan, wallahi ba a iya mana.

Wata Juma'a, liman na tsakiyar huɗuba, sai amfilifayar wani masallaci ta yi tartsatsi, hayaƙi ya turnuƙe, sahun gaba ya watse. Ga shi kuwa ba a daɗe da karɓo ta daga wurin Ghali ba. Shi ke nan! Kafin la'asar magana ta zaga gari: tsoho Ghali ido ya tafi, saura ƙiris ya ƙone ɗakin Allah.

'Yan kwamitin masallacin suka kawo ta suna ta zazzaga masa masifa. Hajiya Sailuba, mai suyar waina a gefensa, tana kallo ya buɗe gidan fiyus, ya zaro wata 'yar ƙusa, ya dunƙule a hannu.

"Alhaji, a yi haƙuri," ya ce wa shugabansu. "Ku bar ta, zan sake naɗa taransifomar."

Da suka tafi Sailuba ta ce, "Malam, na fa gani. Wa ya sa ƙusa a gurbin fiyus?"

"Baba ladan kaɗai ke riƙe da makullin akwatin. Wutar janareta ta hau, fiyus ya ƙone, shi kuma ya ƙi barin unguwa ba kiran salla, sai ya cusa ƙusa. In na nuna, yau za su raba shi da lasifika, ita ce kuwa ta rage masa a duniya. Ki rufa masa asiri, Hajiya."

"Kai fa? Sunanka fa?"

"Ni ai ina da hannuna."

To, hannun bai cece shi ba. Masallatai suka janye, masu biki suka bi sahu. Waɗanda a da ke rantsuwa da aikinsa suka koma tsallaka titi in sun hango shi. Ladan ya ci gaba da kiran salla da na'urar da Ghali ya tayar, bai taɓa sanin ƙusarsa ce ta yi ɓarna ba, har Allah ya karɓi abinsa bara. Sai bayan jana'iza Sailuba ta buɗe baki. Muka hau "Allah sarki, Allah sarki," sai ka ce Allah sarki na mayar wa mutum da sunansa.

Kai ne, Malam Ghali, ka sayi mutuncin tsoho da naka. Mun ci namanka ɗanye, ba ka ce uffan ba. Yanzu da ka tattara kayan aiki ka koma gona a Zuma, ga mu da kunya. Mun gode, Allah ya biya ka, don mu dai ba mu biya ba. Masu gyara kuma su yi koyi da kai, su nemi dalili kafin su ɗora laifi, a na'ura ko a kan mutum.

Na leƙa rumfar, ba teburi. Sailuba ta nuna mini wata ƙusa a ginshiƙin da ka saba rataye hularka, ta ce mini:

"Ka ga ƙusar nan? Ita ce. Duk shekarun nan tana gabanku, ba wanda ya tsaya ya tambaya."