Ƙarafan Sanyi a Gidan Kawu Bukar

Jama'a, yau na dafa baƙin mutane da ransu! Har yanzu na kasa ɗaga kai.

Alhaji Bukar, kawun matata, ya sayi gidan wani Bature a unguwar Abhur, nan Jidda. A kicin akwai ƙaton murhu mai tukunyar ruwa a cikinsa, a ɗakin baƙi kuma ƙarafa jere a bango.

Ya ce, "Isa, kai ne mai aikin famfo. Waɗannan fa?"

Na ce, "Kawu, na sanyaya ɗaki ne." To, me Bature zai nema a Jidda in ba sanyi ba? Jiya na haɗa musu bututu da murhun.

Yau walima. Aka ɗora shinkafa da rago, ɗaki ya fara ɗumi. Na leƙa kicin na ce, "Yalla, maza ku ƙara wuta, sanyin bai taso ba!"

Wayyo! Gumi ya jiƙa rawuna. Wani dattijo ya jingina da ƙarfen, ya zabura da salati. Baƙi suka kwashi takalma suka fita tsakiyar rana, wai shan iska!

Kawu ya dube ni a gaban kowa, ya ce, "Halas, shi ke nan, Isa. Je ka gaya wa ragon mun riga shi dahuwa."