Ranar da Inna ta goge mini faifan sauraron rana

A shekarata ta ƙarshe a jami'a a Madani aka ce kowa sai ya ƙera wani abu da hannunsa kafin a ba shi shahadar kammala karatu. Ni da rigimata na ce zan saurari rana. Malaminmu, wanda muke kira Duktur, ya taɓa gaya mana cewa rana da taurari suna fitar da igiyoyin rediyo, kuma a wasu ƙasashe ana gina manya-manyan faifai don kama su. Ni abin da na samu tsohon dish ɗin talabijin ne da kawuna ya yar a bayan ɗaki, fentinsa ya dushe, tattabaru sun yi masa zane.

Na kafa shi a tsakar gidanmu, a ƙauyenmu kusa da Hasahisa. Na ɗaura masa kan da ke karɓar sigina, na haɗa shi da ɗan akwati mai allura. In na juya faifan ga rana sai allura ta tashi, akwatin ya yi tsuwwa. In na kau da shi sai ta kwanta. Sati uku ina rubuta abin da take nunawa.

Baba bai hana ni ba, amma bai ɓoye mini komai ba. "Shekara huɗu munka yi haƙuri," in ji shi. "In kin faɗi, babu ta biyar. Hawasha, gonar audugarmu, na nan tana jiran hannu." Na san tsinkar auduga, na san yadda take cin yatsu, don haka tsoro ya kama ni ƙwarai.

Faifan ba ya shiga bas, sai Duktur ya ce zai zo da kansa ya gani. Nan Inna ta shigo maganar. Inna mace ce da duk unguwa ke aron siniyarta, wato babban tirenta, ranar biki, don tirenta har fuskarka kake gani a ciki. Sati ukun nan tana wuce faifaina tana harararsa.

Da safen ranar na tafi bakin titi taryen Duktur, na bar sallahu kada kowa ya taɓa mini wayoyin na'urar. Gaskiya Inna ba ta taɓa wayoyin ba. Toka ta ɗauko, da yashi, da lemun tsami, ta durƙusa ta kankare fentin nan tas, har ƙarfen ya fito yana ɗaukar ido.

Da muka shigo, wallahi daɗi na ji. Shekara huɗu ina karatun kimiyya, abin da ya zo mini a rai kawai shi ne, kai, ya yi kyau! Duktur ya buɗe baki zai yi magana, Inna ta danƙa masa shayi ta ce, "Itfaddal, sha tukuna." Ni kuwa ina rawar jiki na juya faifan ga ranar tsaka.

Allura ta tashi. Na fara bayani da Larabcin jami'a, ina kallon Baba ta gefen ido. Sai na ji ƙauri. Hayaƙi ne ke fita daga kan na'urar, robarsa tana narkewa tana ɗiga. Allura ta faɗi, ba ta sake motsi ba.

Duktur ya ajiye kofi ya ce fentin da ma aikinsa ke nan, ya hana faifan tara hasken rana wuri ɗaya. Yanzu da ya zama madubi, murhu muka ƙera. Na zauna a ƙasa na fashe da kuka, ban ji kunyar kowa ba.

"Ɗiyata, ni wanke shi kawai niy yi," in ji Inna. "Baƙo shi zo shi iske kashin tattabaru? Aibi ne."

Duktur ya ce motarsa sai bayan la'asar. In aka sami wani kan, aka kuma dusar da ƙyallin, zai sake dubawa. Baba ya saka takalmi ya fita. Can sai ga shi da kan dish ɗin shagon da maza ke kallon ƙwallo, mutum biyar na biye da shi suna mita.

Saura fenti, kuma babu gwangwani ko ɗaya a ƙauyen. Inna ta tsaya ta dubi faifan da ta ɓata safiya a kansa. Sannan ta shiga madafa, ta kifar da doka, wato kaskon da take gasa wainar kisra a kai, ta kankaro baƙin gindinta, ta kwaɓa da ɗan mai. Da tafin hannunta ta shafe faifan, ba ta bar ko tsinin allura yana ƙyalli ba.

Na juya shi ga rana. Allura ta tashi, akwatin ya yi tsuwwa, babu hayaƙi. Na kau da shi, ta kwanta. Sau uku Duktur ya sa na maimaita, sannan ya sa hannu a takardata ya ce, "Mabruk." Masu ƙwallo suka yi kabbara, suka kwance kayansu tun ban gama godiya ba.

Inna ta raka Duktur har ƙofa, ta ɓoye baƙaƙen hannayenta cikin mayafi. Na zaci godiya za ta yi masa.

"Duktur, alaik Allah, na haɗa ka da Allah," ta ce a hankali, "in ka koma Madani, kada ka ce a gidana kag ga wannan baƙar siniya."