Albasa Dubu Huɗu a Kwamfutar Malama Zaituna

Mamuda mai gyaran kwamfuta a bakin tashar Jega mutum ne da ba ya iya jiran abu ya nuna. Da ya ji an saki manhajar gwaji, wadda masu ita ma ba su gama haɗa ta ba, sai hannunsa ya fara ƙaiƙayi. Bara ya ɗora wa Malama Zaituna, mai koyarwa a Maiyama, irin wannan manhaja a kwamfutarta, bana kuma ya dage sai ya ɗaga ta zuwa sabuwa.

Aiki ya kai kashi tamanin da bakwai, ya cije. Tambayoyin jarrabawar da ɗalibanta za su rubuta jibi kuwa suna ciki.

"Mamuda, mi ka yi mata?"

"Malama, tunani takai."

"Tun hantsi? To in ba ta gama ba, kai za ka yi ma shugaban makaranta bayani."

Da ƙyar ya maida ta kan tsohuwar manhajar, ya leƙa ciki, ashe wurin zama sabuwar ta rasa. Hotunan albasa dubu huɗu ne jibge, na maigidanta Alhaji Khalil, dillali a Aliero, waɗanda yake tura wa masu saye a kudu. Mamuda ya kwashe su a filas, ɗan abin nan na aje bayanan kwamfuta, ya sake ɗorawa, ta wuce sumul, tambayoyi na nan lafiya.

Bayan la'asar Alhaji ya bugo waya. "Wa ya taɓa min kaya?"

"Rumbu na canza musu, Alhaji, wancan ya cika, suna cikin filas."

Alhaji ya ce to a aje filas ɗin inda iska ke shiga.