Ɗaki Mai Arha, Nesa da Ruwa

Ban taɓa shan wahala a kan abin da ba nawa ba kamar wadda na sha wajen nema wa ɗan yayata ɗaki a Yelwa. Lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, ina gyaran keke a bakin kasuwa, gwiwata ta riga ta fara ciwo.

Yayar tawa ta yi aure a wani ƙauye can wajen Wara. Mijinta masunci ne. Jirginsa ya hau kututturen itacen da ruwa ya rufe bayan an yi madatsa a kogin Kwara, bai dawo ba. Tun daga nan ta ce ɗanta ba zai riƙe filafilin jirgi ba. Da ya zama saurayi ta turo mini shi da tabarma da buhun gero, ya koyi ɗinki. Saƙonta gajere ne: in nema masa wurin kwana mai arha, da mutanen kirki, kada kusa da ruwa. In ban samu ba, in mayar mata da shi.

Tela na samu da wuri. Ɗaki ne ya gagara. Gidana ba zaure, ba shago, ga mata ga 'yammata, ƙato mai gashin baki ba ya kwana a ciki.

Muka fara da unguwar ma'aikata. Wani akawu yana neman abokin zama. Ya dubi yaron, ya dubi tabarmar, ya tambaya ko yana da katifa. Na ce da yana da katifa da bai zo koyon ɗinki ba. Kuɗin da ya faɗa ma ban tsaya jin ƙarshensa ba. Cikin gari kuwa ba a maganar haya, sai dai “ɗan wa ne?” In ka faɗi uban, a tambayi kakan. Wani tsoho ya shayar da mu fura, ya yi mana tarihin zuriyarsa har la'asar, sannan ya ce awaki ke cikin ɗakin. Bakin tasha akwai arha. Na leƙa wani ɗaki na tarar da karnukan mota suna karta a kan sallaya. Na ja hannun yaron muka fita.

A ƙarshe wani mai sayen faci a wurina ya nuna mini ɗaki a gangaren gari. Samari biyu ke ciki, ɗaya mai tallan burodi, ɗaya mai gyaran agogo, duka masu sallah. Ɗakin da tsabta, ga itacen dogon yaro a ƙofa, kuɗin kuma ko ni zan iya. Bazara ce. Na tsaya a ƙofa na duba: gonakin albasa ne shimfiɗe har inda ido ya gaji. Ruwa yana can nesa, sai ka sa hannu a goshi kake hango shi.

Mu da muka girma kafin a datse Kwara, tsohon kogi ne a kanmu har yau. Mun san tafki yana ja da baya da bazara, ya dawo bayan damina. Kowa ya sani. Amma in muka tsaya muka duba, inda gaɓa take muna yara nan muke gani. Na ga wani layi mai duhu a gindin katangar maƙwabci, na ɗauka aikin magina ne.

Yaro ya tare. Ɗinki ya karɓe shi, har ya fara sa aljihu a riga ba tare da ya karkace ba. Na aika wa yayata cewa an samu wuri, gonaki ne kewaye da shi.

Aka yi damina, ruwa ya fara tahowa. Ya ci gonakin, ya ci hanyar da manoma ke bi, ya zo ya tsaya kusa da itacen dogon yaron nan. Masu jirgi suka ga inuwa, suka fara ɗaure jiragensu a jikinsa. Yaron bai gaya mini ba. Shi daɗi ya ji, wanki ya zo masa ƙofa.

Ranar wata kasuwa yayata ta shigo jirgi ba sanarwa. Ta tambayi mai jirgin ko ya san inda yaron tela yake kwana. Ya ce ya sani, ba sai ta taka ba. Ya sauke ta a ƙofar ɗakin. Ta tarar da ɗanta tsaye cikin ruwa har ƙauri, yana ɗauraye wando.

Mai burodi ne ya zo ya kira ni. Na same ta zaune a kan turmi, ta ba tafki baya. Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, ba ta ma dube shi ba. Ni ta duba.

“Waɗanga su na gonakin?”

Na ce, “Yaya, wallahi da albasa a nan.”

“To ina take?”

“Tana dawowa da bazara.”

“Kai ma ka dawo da hankalinka da bazara. Mi nic ce maka?”

Na ce ta ce mai arha. Ta ce ta faɗi abu uku, na riƙe wanda ya yi wa aljihuna daɗi. Gobe, in ji ta, wanga yaro zai naɗe tabarma su koma.

Yaron ya ce, “Inna, komawar ma a jirgi ta.”

“Ban yi da kai ba.”

“In na koma mi zan yi can? Ko keken ɗinki babu. Kawu, gaya mata.”

Duk mun san abin da saurayi ke yi a ƙauyensu in ba shi da sana'a, jan tarun kamun kifi ne. Yayata ta daɗe tana gyara bakin zanenta. Can ta ce ita dai ba za ta kwana tana sanin yana jin motsin ruwa daga shimfiɗarsa ba. Na ce to ni na nema na kasa, ta zo ta nema da kanta. Ta ce da ma.

Washegari ban buɗe rumfa ba. Na ɗora wa yaron tabarmarsa da bokiti a ka, na sa yayata a gaba muka hau tudu. Na ce duk inda ta waiwaya ba ta ga ruwa ba, ta tsaya. Ta yi ta waiwaye har muka wuce makarantar firamare, gwiwata tana kuka. A nan ta tsaya. Na je ƙofar gidan farko na yi sallama.