Malam Haruna, Wanda Ya Koyar da Kwamfuta da Kunne

Ina zaune ina gyara wa wata mai sayar da atamfa shafinta na intanet sai ga maigidana ya dawo, alhali bai jima da fita aiki ba. Bai shigo ɗaki ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Sa'adatu, sai haƙuri. Allah Ya yi wa Malam Haruna rasuwa da safen nan." Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na rufe laftof, na laluba hijabina. Kafin azahar an yi masa sutura an kai shi makwancinsa.

Malam Haruna ɗan gidan malamai ne a Ƙofar Galadima, cikin birnin Zariya. Wansa, Malam Shehu, shi ya gaji zauren mahaifinsu, yana ba da karatun fiƙihu da safe. Shi kuwa boko ya bi, ya yi shekaru yana aikin kwamfuta a wata ma'aikata, har ciwon suga ya cinye masa idanu. Da ya dawo gida kowa ya ɗauka zaman jinya ya zo yi. Sai ya roƙi wansa aron zaure daga la'asar zuwa magariba, ya ce zai koya wa matasan unguwa rubuta kod, wato umarnin da ake tsara wa kwamfuta har ya zama manhaja ko shafin intanet. An yi dariya a unguwa, ba a ma ɓoye ba. Wai makaho ne zai koyar da abin da sai an kalla.

Yadda aka karantar da shi yana yaro, haka ya karantar da mu. Yana kan buzunsa, ɗalibi ya gurfana a gabansa da laftof, ya karanto abin da ya rubuta layi bayan layi, ba tsallake ko ɗigo. Malam ya sunkuyar da kai kamar mai gyangyaɗi. Can sai ka ji gyaran murya: "Tsaya. Koma baya." In ka koma kuwa sai ka tarar da ɓarnar tana jiranka. Yakan ce, "Abin da ka kasa karantawa a gaban mutane ba ka gane shi ba, kwafowa ka yi." Ran da ka gama gina shafi ka zo kana washe baki, sai ya sa ka kashe hasken kwamfutar, ka kunna manhajar da ke karanta wa makafi rubutu, ka bi shafinka da kunne kaɗai. In ka ɓace a hanya ya ce, "To, ka gina gida ka manta da ƙofata."

Na je wurinsa bayan na gama difloma a reshen jami'a da ke Kongo na zauna gida ba aikin yi. Mu mata ba a zaure muke zama ba. Akwai soro na ciki, da labule a tsakani, nan aka shimfiɗa mana tabarma, muryoyi ne kawai ke ratsawa. Ni kuwa Malam ya sa ni gaba. Da namiji ya gama karantowa, maimakon ya gyara da kansa, sai ya ɗaga murya: "Ta bayan labule, me kika ji?" In na ce ban ji komai ba, ya ce a maimaita. Na sha komawa gida ina huci, ina ce wa innata tsohon nan ya tsane ni. Ran da na gaji na ce, "Malam, ni fa ina da ido, a miƙo mini laftof ɗin mana."

Ya ce, "'Yata, idon nan aro ne. Ni ma da nawa na fara."

Ba zan ce mai sauƙin hali ne ba, don ya tsani ƙarya ko a yabo. Yana da zafi, kuma iyakar yabonsa shi ne, "Ci gaba." Amma akwai Garba, ɗan manoma da ke tako keke daga ƙauyensu ya shigo ta Ƙofar Doka. Duk damina sai ya ɓace ya tafi gona. In ya dawo bayan girbi yana sunkuyar da kai, Malam ba ya masa faɗa. Sai ya tambaye shi yaya dawa ta yi bana, sannan ya faɗa masa daidai inda suka tsaya.

Babban burinsa shi ne 'ya'yan birni su sami sana'ar da za su yi daga ɗakinsu. Yakan ce, "Wannan aiki ba ya buƙatar ka bar uwarka." Wuta da sabis ne suka ƙaryata shi. A yi kwanaki ba a kawo wuta ba, sabis kuma sai ka fito tsakar gida kana ɗaga waya sama. Duk wanda ya ƙware sai ya tattara ya nufi Abuja ko Legas, wasu har ƙetare. Sukan zo sallama, ya sa musu albarka, bai taɓa riƙe ƙafar kowa ba. Abokan karatuna mata ma aure ya watsa su. Ni kaɗai na rage cikin manya, ba don na fi kowa amana ba, a cikin gari aka aurar da ni. Wata yamma bayan an watse na ji ya ce, ban sani ba ko da ni yake ko da kansa, "Tsorona ɗaya, in na kwanta dama zauren nan da yamma ya koma wurin ajiye babura."

Ranar da ya rasu gurup ɗinmu na waya ya cika da ta'aziyya da hoton fuska mai hawaye. Amma waɗanda suka ɗauki makararsa maƙwabta ne, da ɗaliban wansa, da Garba. Ban zargi kowa ba, hanya da nisa, gawa kuma ba ta jira. Duk da haka na ji ɗaci, kuma har yau ina jin sa.

A gidajen malamai irin nasu, in malami ya rasu, ranar sadakar uku akan zaunar da wani a kan buzunsa a yi karatu ko layi ɗaya ne, don kada karatun ya yanke. Ban zaci za a yi wa Malam Haruna haka ba, domin shekara da shekaru wansa "wasan Haruna" yake kiran abin da muke yi. Ina soron ciki tare da mata na ji Malam Shehu ya ce, "Ƙanena karatu ya bayar a zauren nan. Ga buzunsa. Wa zai zauna?"

Wasu daga cikin manyan ɗalibai sun iso ranar. Can ɗayansu ya ce, "Allah gafarta Malam, hutunmu gajere ne. Amma za mu shirya a riƙa yi ta intanet."

Malam Shehu ya ce, "Shi Garba mai keke a ina zai samo intanet ɗin?"

Sannan ya ƙara da cewa, "Akwai wadda yake kira ta bayan labule. Tana nan?"

Na ce, "Ga ni, Allah gafarta Malam."

"Na yi magana da mijinki, ya amince. Mace ba ta taɓa zama a zauren nan ba, kuma ba ni zan fara ba. Amma buzu ba a kafe yake ba."

Ya naɗe shi ya turo mini ta ƙarƙashin labule, ya ce wa Garba ya karanta. Garba ya fara. Ina zaune ba na ganin laftof ɗinsa, ba na ganin komai sai labule, kamar yadda Malam bai taɓa gani ba. A nan na gane abin da ya shafe shekaru yana yi da ni. Na ji inda Garba ya yi kuskure, na yi shiru ina jiran gyaran murya. Ba ta zo ba. Har ya yi nisa kafin na iya buɗe baki na ce, "Tsaya. Koma baya."

Ba zan ce komai ya daidaita ba. Wasu iyaye sun janye 'ya'yansu, ba za su ɗauki karatu a wurin mace ba. Waɗanda suka rage ba su da yawa, kuma kunnena bai kai nasa ba. Jiya muna tsakiyar karatu na ji an turo babur an jingine shi a gefen zaure, aka ce na ɗan lokaci ne.

Allah Ya jiƙan Malam Haruna, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sa ciwon da ya sha ya zame masa kaffara. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya mayar masa da ganinsa a Aljanna. Allah Ya ba matarsa Mama da 'ya'yansa da Malam Shehu haƙurin wannan rashi, Ya tsaya musu a bayansa. Mu kuma da ya bar wa buzu, Allah Ya ba mu kunnen riƙe shi. Amin.