Fayafayan Mai Garmaho da Kacar Keken Malam Sule

Shekara ashirin ke nan da aka ɗauki maigidana daga zaurenmu na Rano aka kai shi makwancinsa. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, don mu ba mu tashi mun ga mace na kiran sunan miji ba. Amma daga nan har Kibiya, in ka ce Alhaji Mai Garmaho, duk wanda ya yi furfura ya san wanda kake nufi. Ni ban yi boko ba. Jikata ce ke riƙe da biro, ni ke riƙe da zancen, kuma na gaya mata kada ta kuskura ta gyara min magana.

Direban babbar mota ne a ƙuruciyarsa, yana kai gyaɗa Ikko ya komo da goro. A can bakin teku ya haɗu da ma'aikatan jiragen ruwa masu sayar da fayafayan garmaho, na wani kiɗan baƙaƙen Amurka da ake ce wa jaz. Kowace tafiya sai ya dawo da faifai ɗaya a naɗe cikin rawani, kamar mai ɗauke da ƙwai. Kada wata ta ce ya manta da ni, atamfata tana ƙarƙashin faifan. Kafin ya ajiye tuƙi ya koma gona, fayafayan sun cika adaka biyu.

Ranar da na fara jin kiɗan nan cewa na yi, wannan ai gardamar mahauta ce, kowa na faɗin tasa. Bai yi fushi ba. Ya ce, "Kin ga yadda Fulani ke sakin shanu da safe? Kowace ta yi nata waje, ki rantse sun ɓace. Magariba na yi ki gan su sun shigo ruga tare. Haka kiɗan nan yake. Ki yi haƙuri da mai busa, zai dawo gida." Na yi haƙuri, na ji ya dawo. Tun daga nan na shiga raɗa wa fayafayan suna, tunda ba na iya karanta abin da ke jikin kwalinsu. Akwai Ruwan Farko, wanda ake taɓa fiyano kamar yayyafi a kan kwano. Akwai Mai Mura, wani tsoho mai dasasshiyar murya. Akwai Gardamar Mahauta, don ban janye sunan ba.

Abokan sauraronsa biyu ne. Hedimasta Garba na Lausu, wanda ke karanto musu Turancin da ke bayan kwali, da Malam Sule na Fammar, malamin allo kuma limamin unguwarsu, wanda ke tako kekensa tun daga ƙasar Kibiya. Duk ranar kasuwa bayan Azahar za su zauna a zaure, a jona garmaho da batirin mota, ni kuwa ina tsakar gida ina tsince wake da kunnena a wajensu. Hedimasta ya ce mai ƙaho ne sarkin tafiyar, Malam Sule ya ce a'a, mai ganga ne, don shi ke riƙe da linzami. Dokar zauren ɗaya ce: ba a magana sai faifai ya ƙare. In kuwa ladan ya ɗaga murya, to ko a tsakiyar busa ake, maigida zai ɗage allurar garmahon.

Da mulki ya dawo hannun farar hula, aka zo aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, mun yi murna, har da mu a masu kabbara. Amma idan kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya. Aka fara ƙus-ƙus cewa bai kamata a ga liman a zauren garmaho ba. Malam Sule ya daina shigowa. Sai dai wani abin mamaki, duk ranar kasuwa bayan Azahar, kacar kekensa sai ta zame daidai gindin tagar zaurenmu. Ya tsuguna a inuwar darbejiya yana gyara, gyaran ba ya ƙarewa sai an kira La'asar. Maigida bai taɓa ce masa shigo ba, bai kuma taɓa tsokanarsa ba. Garmahon kawai ya matsar kusa da taga. A haka suka yi shekaru har ciwon ajali ya kwantar da maigida, kuma Malam Sule ne ya yi masa salla.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Da na fita takaba aka zauna rabon gado, kuma Malam Sule aka ɗora wa rabon. An gama da gona da gida da awaki lafiya lau. Ana zuwa kan adakun nan biyu, ɗana na biyu, Sani, ya miƙe. A lokacin yana cikin samarin da ke aikin sa kai na gyaran tarbiyya, kuma ina shaida da zuciya ɗaya yake yi. Ya ce, "Allah gafarta Malam, waɗannan ba dukiya ba ne, kayan kiɗa ne. A fasa su a binne. Ina tsoron duk ranar da aka ɗora allura a kansu, Baba ne zai ji a kabarinsa." Yaron nan ba ƙin ubansa yake ba, tsoron wuta yake yi masa.

Ina bayan ƙofa na ce, "Malam, a ji tawa. In dukiya ce, a sa min a tumunina na takaba. In kuma shara ce, to tun da aka kawo ni gidan nan ni ke kwashe shararsa, ba na neman mataimaki." Hedimasta ya tuntsire da dariya, amma Malam Sule ko murmushi bai yi ba, don ya san inda aka tsayar da shi. In ya ce a fasa, ya ci amanar aboki. In ya ce a bari, gobe a ce limamin Fammar ya halatta kiɗan Nasara. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce ba a yanke hukunci a kan wanda ba a saurara ba. A fito da su duka, a ji su ɗaya bayan ɗaya, kuma Sani, tunda shi ne mai ƙara, dole ya zauna.

Haka aka yi kwanaki ana zaman nan, kullum tsakanin Azahar da La'asar. Hedimasta na fito da faifai, ya hure ƙura, ya karanta bayan kwali, ni kuwa daga bayan ƙofa in faɗi sunan da na raɗa masa. Sani na gefe ya haɗe rai, shi ke kai batiri caji ya dawo da shi. Malam Sule ya ɗaure fuska irin ta alƙali, kai ka ce bai taɓa jin abin ba a duniya. Duk faifan da ya ƙare sai ya tambaya, "An zagi wani a ciki?" Hedimasta ya ce a'a. "An roƙi wani kuɗi?" A'a. Da aka zo kan masu waƙa da baki, Hedimasta bai ɓoye ba, ya ce wannan begen mace yake, wancan kukan talauci yake, wancan kuwa kakanninsa yake tunawa da aka sayar a kasuwa kamar awaki. Nan Sani ya ɗago kai ya ce, "Daga ina aka kwashe su?" Hedimasta ya ce, "Daga irin ƙasashenmu, ɗana."

Amma hali zanen dutse ne. Ranar da aka sa Gardamar Mahauta, kiɗan ya yi tsit a tsakiya, Hedimasta ya kai hannu zai ɗage allura, sai Malam Sule ya yi wuf ya ce, "Kai Garba, dakata mana! Ai mai ganga bai shigo ba." Can sai ga mai ganga ya shigo, kamar an kira shi. Sani ya dubi Malam Sule. Hedimasta ya ce, "Allah gafarta Malam, wahayi aka yi maka, ko a gindin taga ka karanto?" Malam ya ce, "Kai dai ka ji da Turancinka, tsohon banza." Ni kam sai da na toshe baki da mayafi.

A rana ta ƙarshe aka zo kan Ruwan Farko. Yana farawa Hedimasta ya karya dokar zaure, ya ce, "Sani, ka san wannan? Lokacin da kake haƙori ka hana unguwa barci, ubanka kan saɓa ka a kafaɗa ya sa wannan, ya yi ta zagaya zauren nan har ka yi laƙwas." Gaskiya ya faɗa, ni ce shaida. Sani ya sunkuyar da kai har faifan ya ƙare, allura na ta ƙarar banza babu wanda ya tashi ya ɗage ta.

Sannan Malam Sule ya yi magana, kuma har yau ina iya kawo ta yadda ya faɗa. Ya ce, "Sani, ba zan ce ka yi kuskure ba. Manyan malamai sun hana kiɗa, wasu sun sassauta, ni kuwa ka riga ka gane ba baƙonsa ba ne. Amma mahaifinka ban taɓa ganin allurar nan ta makarar da shi sahu ba. Tsoronka kabarinsa ne, ko? To na sa adakun nan a tumunin Hajiya. Daga yau sun fita daga hannunsa. In akwai nauyi, yana kan mai ɗora allura." Ya juyo wajen ƙofa ya ce, "Hajiya, kin ɗauka?" Na ce, "Na ɗauka, Malam. Wuyana ya ɗauki tulu shekara da shekaru, ba zai gaza da wannan ba." Sani ya share fuska, ya ɗauki adaka ɗaya da kansa ya kai min ɗaki.

Hukuncin bai bar Malam Sule lafiya ba. Magana ta kai Fammar, wasu iyaye suka janye 'ya'yansu daga makarantarsa, wasu samari suka koma wani masallaci. Da na aika masa da ban haƙuri, cewa ya yi a gaya min shi rabon gado aka ba shi, kuma ya raba. Bai ƙara tsayawa a gindin tagarmu ba. Ya ce wanda yake matso masa da garmaho ya riga ya tafi. Shi ma yanzu ya bi abokinsa, Hedimasta ma haka. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya, Ya sa sun huta.

Nakan zauna in ce, da Mai Garmaho zai leƙo yau, me zai ce? Jikokina sun nuna min cewa duk abin da ke adakun nan yana cikin wayarsu, har da wanda bai taɓa samu ba. Na san zai yi murna, don shi ba marowaci ba ne. Amma da ya ga yadda suke sauraro, yatsa na shafa gilashi, ba a bar mai busa ya ja numfashi ba an tsallake shi, da ya girgiza kai. Da ya ji motocin 'yan siyasa lokacin zaɓe, kowace da lasifikarta, wannan na wasa ubangidansa wancan na zagin na wani, da ya ce ga gardamar mahauta ta gaske, wadda shanunta ba sa komawa ruga. Shi abin da ya ƙaunata a kiɗansa ke nan: mutum biyar su taru, kowa ya faɗi tasa son ransa, sauran su riƙe masa hanya har ya gama.

Haka kuma ya zauna da mutane. Masu rikicin iyakar gona daga Yalwa sun sha zuwa zaurensa, ba don ya fi kowa ilimi ba, sai don ba ya katse mutum. Ni kaina, da bakin nan nawa da kuka ji, shekara arba'in ina zuba yana saurare, bai taɓa ɗage min allura ba. Gonar da ya bari an raba, an sake rabawa. Motar da ya tuƙa ta zama tukwane a hannun maƙera. Abin da ya rage nasa shi ne kunnen nan, kuma ina ganinsa jefi-jefi a zuriyarsa.

Fayafayan suna nan a ɗakina, wasu sun karce, Mai Mura ya ƙara mura. Ranar kasuwa bayan Azahar nakan sa a kai min garmaho zaure, in ɗora allura da hannuna, tunda ni na ɗauki nauyin. Sani yanzu dattijo ne mai gemu fari, kuma har gobe bai ce kiɗa halal ne ba, ni ma ban tambaye shi ba. Bai taɓa shigowa ya zauna ba. Ban ce yana saurare ba, kada a ɗora min abin da ban faɗa ba. Na dai ce babur ɗinsa sabo ne, amma ya cika mutuwa a gindin darbejiyar nan ranar kasuwa. Ni kuwa in na ji ya tsaya, sai in nemo Ruwan Farko, in matsar da garmahon kusa da taga.