Dattijon da ya zo neman jiniya

A ofishin rabon tallafin tsaro da ke birnin San Juan, wani dattijo yana gabana a layi. Jar laka ta bushe a takalmansa, irin ta garuruwan kan dutse, rigarsa ta ma'aikatan agaji kuma ta koɗe har sunan garin ba ya karantuwa. Ya rungume hularsa a ƙirji kamar mai shiga coci. Ina ta tunani, ko shi ne ke bin gida-gida yana buga ƙofa idan ruwa ya taso?

"Don Efraín," in ji ma'aikaciyar, "bana gwamnatin tarayya ta sauya ƙa'ida. Kasonku na kare kwamfuta ne daga masu kutse. Jiniyar gargaɗin ambaliya ba ta ciki."

"'Yata, kwamfutarmu ɗaya ce, ita ma sai an mare ta take tashi. Mu kogi ne ɗan ta'addarmu. Shi ba ya kutse, ta ƙofa yake shigowa."

Ta yi dariya, amma ta kasa haɗa ido da shi. "Jira oga, ko zai samo maka hanya."

Ya zauna yana kallon taga, inda hadari ke haɗuwa ta wajen duwatsu. Leɓɓansa na motsi. Ban sani ba ko addu'a yake yi, ko sunayen mazauna bakin kogi yake jerawa. Da aka fara yayyafi sai ya miƙe ya fita da sauri. Ko da ogan ya leƙo yana kiran sunansa, ba kowa a kujerar.